Prag ko Budapest: wanne ya fi dacewa da ɗan gajeren hutu a tsakiyar hunturu?

Wanda ya samu bizar Schengen, ya kuma ware kwana uku ko huɗu tsakanin Disamba da Fabrairu don ya ga tsohuwar Turai da idonsa, sau da yawa lissafinsa yakan tsaya a kan birane biyu: Prag, babban birnin Jamhuriyar Cek, da Budapest, babban birnin Hangari. Faris ta yi tsada, Landan kuma bizarta daban ce. Su waɗannan biyun akwai dama-dama a kuɗin masauki da abinci, ga tarihi jibge, kowanne kogi ya raba shi biyu, kowanne da fadarsa a kan tudu tana kallon gari. Wanda ya tsaya a hoto zai ɗauka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma lokacin sanyi ne bambancin ya fi fitowa fili. Ra'ayina tun daga farko shi ne Prag ta fi kyan gani, amma Budapest ta fi daɗin zama idan sanyi ya kankama, musamman ga Musulmin da ba ya shan giya kuma yana kula da abin da zai sa a bakinsa.

Bari mu fara kawar da abin da suka yi tarayya a kai. Ƙasashen biyu sun shiga yankin Schengen a Disambar 2007, saboda haka biza iri ɗaya ce, kuɗinta Yuro 90 ga babba tun daga watan Yunin 2024, tare da inshorar lafiya wadda za ta iya ɗaukar nauyin aƙalla Yuro 30,000. Ƙa'ida ita ce ka nema a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, kuma dukansu suna da ofishi a Abuja. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya ko Nijar zuwa ɗayansu, sai an yada zango a Istanbul ko Doha ko Frankfurt. Ba sa amfani da Yuro: kuɗin Cek shi ne koruna, na Hangari kuma forint. Agogonsu a hunturu daidai yake da na Kano da Yamai, ba sai ka juya komai ba, barcinka ma ba zai rikice ba.

Sanyin ma kusan ɗaya ne. A watan Janairu ma'auni yakan yi ta kai-komo a kusa da sifili, da dare ya gangara ƙasa. Wanda ya san sanyin Jos ko asubahin hunturun Kano kada ya ɗauka ya shirya. Namu busasshe ne, hantsi na ɗagawa ya sake ka, nasu kuwa da laima yake, yana bi ta tafin ƙafa ya hau, kuma yakan wuni. Dusar ƙanƙara ba tabbas ba ce a ko'ina cikinsu. Abin da ya fi yawa shi ne sama ta yi toka-toka, rana ta ƙi leƙowa. Sannan wunin gajere ne ƙwarai: a ƙarshen Disamba rana kan fito wajen ƙarfe 7:30 a Budapest, kusan ƙarfe 8 a Prag, ta kuma faɗi wajen ƙarfe 4 na yamma a dukansu. Azahar tana shiga wajen ƙarfe 12, La'asar kafin ƙarfe 2, Magariba ƙarfe 4. Salloli uku ke nan cikin kamar awa huɗu, a daidai lokacin da kake tsakiyar yawo. Don haka tambayar da ya kamata ka yi wa kanka ba ta tsaya ga wane birni ya fi gine-gine masu kyau ba. Ka tambayi kanka: idan duhu ya yi ƙarfe huɗu, yatsuna sun sandare, ina zan shiga in ji ɗumi, in ci abinci hankali kwance, in yi salla?

Prag ta tsira daga yawancin ruguje-rugujen Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya sa tsakiyarta take nan kusan yadda magabata suka bar ta, har UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1992. Babban alherinta ga baƙo shi ne komai a dunƙule yake. Daga dandalin Tsohon Gari ka taka zuwa gadar Charles, ka haye kogin Vltava, ka haura zuwa fada, duk bai wuce tafiyar minti talatin zuwa arba'in ba idan ba ka tsaya kallo ba. Sai dai za ka tsaya.

Gadar nan Sarki Charles na Huɗu ne ya aza harsashinta a 1357, tsawonta ya ɗan haura mita 500, da gumaka talatin jere a gefe da gefe. Idan kana son ka gan ta da gaske, ka fito bayan sallar asuba, kafin gari ya waye sosai. Fitilun suna nan a kunne, hazo ya kwanta a kan ruwa, duwatsun daɓen suna ƙyalli saboda laima, ba ka jin komai sai kukan tsuntsayen kogi da ƙarar tiram, wato jirgin lantarki mai bin dogo a kan titi, daga nesa, can sama kuma hasumiyoyin majami'ar St. Vitus sun tsaya baƙi ƙirin a cikin fadar. Zuwa ƙarfe goma wurin ya cika da masu ɗaukar hoto da masu zane da masu kiɗa, sai ka riƙa kutsawa. A jikin ginin majalisar Tsohon Gari akwai agogon taurari da aka kafa a 1410, wanda har yau yake aiki. Duk sa'a jama'a kan taru a gabansa su ɗaga kai, tagogi biyu su buɗe, mutum-mutumin manzannin Kirista goma sha biyu su gifta, zakara ya yi cara, shi ke nan, bai fi minti ɗaya ba. Wasu sukan ce ai ba wani abu ba ne. Ni a ganina abin kallon shi ne fuskar agogon kanta, wadda ke nuna inda rana da wata suke a sararin sama, bisa tsarin na'urar asturlabi da malaman falaki na Musulunci suka daɗe suna gyarawa kafin ta bazu a Turai.

Fadar Prag kuwa gari ce guda, faɗinta ya kai murabba'in mita 70,000, an fara ta tun ƙarni na tara. Majami'ar da ke cikinta an soma gininta a 1344, ba a kammala ba sai 1929. Ta wata taga a wannan fada aka jefo wakilan sarki a 1618, abin da ya kunna wutar Yaƙin Shekara Talatin da ya ɗaiɗaita tsakiyar Turai. Shiga farfajiya kyauta ne, ɗakunan ne ake yankar tikiti. Idan ƙafa ba za ta iya hawan ba, tiram mai lamba 22 yana kai mutum har sama.

To amma fa duk wannan kyau a waje yake. Prag birni ne da ake ci da ƙafa, a kan duwatsun daɓe masu santsi idan ƙanƙara ta kama su, kuma bayan awa biyu a sanyin nan jiki yakan fara neman mafaka. Mafakar mutanen gari ita ce gidan giya, domin 'yan Cek suna sahun gaba a duniya wajen shan ta, kuma nan ne zaman hirarsu na dare. Ba wai babu wasu wurare ba. Akwai ɗakunan karatu na Strahov da Klementinum masu rufi mai zane, akwai babban gidan tarihi na ƙasa a saman dandalin Wenceslas, inda dubun dubatar mutane suka taru a Nuwambar 1989 har mulkin kwaminisanci ya faɗi, akwai gidajen shan shayi da gahawa masu kyau. Amma waɗannan na awa ɗaya ne ko biyu, yawancinsu kuma da yamma suke rufewa. Dare na biyu ko na uku, mai kauce wa giya yakan samu kansa a ɗakin otal tun ƙarfe bakwai.

Budapest ta sha bamban tun daga girma. Mutanenta sun kai kimanin miliyan 1.7, na Prag kuwa miliyan 1.3 da ɗoriya, kuma asalinta garuruwa uku ne, Buda da Pest da Obuda, da aka haɗe a 1873. Ta sha wuya a yaƙi: an yi mata ƙawanya daga Disambar 1944 zuwa Fabrairun 1945, sojojin Jamus suka tarwatsa dukkan gadojinta, fadar Buda ta ƙone. Yawancin abin da ka gani a kan tudun sake ginawa aka yi, kuma a wasu unguwannin Pest za ka ga manyan gidaje da fentinsu ya kwaile, bango ya yi baƙi. Wanda ya zo neman birni tsaf-tsaf zai ɗan ji ba daɗi a ranar farko. Ba a kuma gama ta da ƙafa. Dole ka koyi hawa tiram da jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai dai a hunturu wannan riba ce, domin akwai ɗumi a cikinsu. Layin M1, mai ƙananan taragu masu ruwan ɗorawa, tun 1896 yake aiki, shi ne na farko a nahiyar in aka cire na Landan. Tiram mai lamba 2 kuwa yana bin gaɓar kogin Danube ta ɓangaren Pest. Ka zauna gefen taga bayan Magariba, da tikitin da bai taka kara ya karya ba, ka ga fadar Buda da gadar Sarƙa ta 1849 da ginin majalisar dokoki duk an haske su. Ginin majalisar, wanda aka gama a 1904, tsayinsa mita 96, ɗakunansa 691. Ana zagayawa da baƙi cikinsa har gaban tsohon kambin sarautar ƙasar, amma a sayi tikiti ta intanet tun da wuri, kuma a sani wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba ya fi biya.

Abin da ya raba gardama a wurina shi ne ruwan zafi. Budapest tana zaune ne a kan maɓuɓɓugan ruwa mai zafi da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, mutanenta kuma sun mayar da shiga gidan wanka al'adar yau da kullum, tsofaffi ma likita kan tura su saboda ciwon gaɓoɓi. Mafi girma shi ne Széchenyi, wanda aka buɗe a 1913, mai tafkuna 18, uku daga ciki a fili suke babu rufi. Ka yi tunanin ma'auni yana ƙasa da sifili, ka fito daga ɗakin canja kaya da tawul a kafaɗa, silifas na manne wa daɓe, ka yi sauri ka gangara cikin ruwa mai zafin digiri 38. Tururi ya turnuƙe har ba ka ganin wanda ke gabanka sosai, iskar sanyi na dukan kunnenka amma sauran jiki ya saki, a gefe guda dattawa sun kafa allon dara a bakin tafki, ruwa iya ƙirji, suna tura 'ya'ya ba mai ce wa wani uffan. Ka fito bayan awa biyu, sanyin da ya addabe ka tun safe ka neme shi ka rasa har ka kwanta barci. Prag ba ta da kwatankwacin wannan.

Amma akwai magana a nan da bai kamata a ɓoye ba. Széchenyi maza da mata haɗe suke shiga, cikin kayan ninƙaya, kuma da yawa daga cikinmu ba za su yarda da hakan ba, da gaskiyarsu. Mafita ita ce Rudas, a gindin dutsen Gellért ta ɓangaren Buda. Wannan Turkawa ne suka gina shi a ƙarni na 16, kuma tsohon sashen yana nan: tafki mai kusurwa takwas, ginshiƙai takwas, ƙubba a sama mai ƙananan ramuka da aka toshe da gilashi kala-kala, haske na sauka ta cikinsu yana ratsa tururi. A tsakiyar mako akan ware lokutan maza zalla da na mata zalla a wannan sashe, ƙarshen mako kuma a haɗe. Jadawalin yakan sauya, don haka a duba shafinsu kafin a tsayar da ranakun tafiya. Magidanci da uwargida za su iya tsara zuwansu yadda kowa zai samu ranarsa, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa a zaɓi Litinin zuwa Alhamis maimakon Juma'a zuwa Lahadi.

Rudas ba shi kaɗai Turkawa suka bari ba. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta mulki Buda shekara 145, daga 1541 zuwa 1686. Majami'ar Matthias da ke kan tudun fada masallaci ce a wancan zamani. A tsohuwar majami'ar tsakiyar Pest, kusa da gadar Elizabeth, har yanzu akwai gurbin mihrabi a jikin bango. A kan tudun Rózsadomb kuma akwai hubbaren Gül Baba, wani shehin ɗariƙar Bektashiyya da ya rasu a 1541, ɗan ƙaramin gini mai kusurwa takwas da aka yi tsakanin 1543 da 1548, aka sake gyara shi da lambunsa a 2018. Hawan akwai tsayi, a hunturu kuma furannin duk sun bushe, amma wurin shiru ne, kana hango kogi da gari a ƙasa, kana tuna cewa an taɓa kiran salla a kan waɗannan tuddai sau biyar a rana. Prag ba ta taɓa shiga hannun Turkawa ba. Abin da ta sani game da su tsoro ne daga nesa, shi ya sa za ka ga siffar Baturke mai rawani a jikin agogon taurarin nan, da wani a kan gadar Charles yana gadin fursunoni. Wanda tarihin Musulunci a Turai ya dame shi, babu ma abin kwatantawa.

Batun ciki kuma, gaskiya ɗaya ce: abincin gargajiya na ƙasashen biyu da naman alade da kitsensa aka gina shi. Ko miyar gulyás ta Hangari, wadda naman sa ce da jan barkonon paprika, ba yankan Musulmi ba ne, kuma akan soya albasarta da kitsen alade, sai ka tambaya. A kasuwannin Kirsimeti ma a kula da abin sha mai zafi da ake zubawa a kofuna, mai ƙamshin kirfa da kanumfari. Giya ce aka dafa. Abin da za ka ci ba fargaba a Budapest ya haɗa da lángos, ƙullin fulawa da ake soyawa a mai a shafa masa kirim mai tsami da cuku, da kürtőskalács, wanda ake naɗawa a sanda a gasa a kan garwashi a barbaɗe da sukari. A Prag akwai irinsa da suke kira trdelník, da soyayyen cuku, ga gidajen abincin 'yan Biyetnam birjik. Wajen halal kuwa Budapest ta yi gaba: a babban titin da ya kewaye tsakiyar Pest, inda tiram 4 da 6 ke bi, gidajen abincin Turkawa da Larabawa ba su da wuyar samu. Masallatai ma haka. Akwai babba a titin Fehérvári da wani a titin Bartók Béla, dukansu a Buda, tiram na kaiwa. Hangari ta amince da Musulunci a dokance tun 1916. Ga kuma ɗalibanmu da ke karatu a ƙasar ta hanyar tallafin Stipendium Hungaricum, don haka ba abin mamaki ba ne ka ji ana Hausa a bakin masallaci ranar Juma'a. A Prag babban masallacin yana can gefen gari ta gabas, sai an yi tafiya a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Amfanin da ke akwai shi ne da yake tsakiyar garin ƙarama ce, idan masaukinka na ciki za ka iya komawa ɗaki ka yi salla ka sake fitowa.

A kan kuɗi, Budapest takan ɗan fi sauƙi a masauki da abinci, ko da yake tazarar ta ragu, kuma tikitin gidan wanka ba arha ba ne. A duka biyun tarkon iri ɗaya ne. Kada ka canja kuɗi a hannun mutum a kan titi, kuma a shagon canji ka tambayi nawa za a ba ka a hannu kafin ka miƙa naka. A Cek doka ta ba ka damar fasa canjin da bai wuce Yuro 1,000 ba cikin awa uku, muddin kana riƙe da rasit. Idan na'urar cirar kuɗi ko ta biya ta tambaye ka da wane kuɗi za a caje ka, zaɓi koruna ko forint. Tikitin mota na takarda sai an buga shi a na'ura da zarar an shiga, masu bincike kuma ba sa jin magiya. Ka sayi na awa 72 ka huta. Daga filin jirgi, bas 100E na kai ka tsakiyar Budapest kai tsaye, a Prag kuma sai ka hau bas zuwa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ka canja.

Lokacin zuwa ma yana sauya lissafi. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Sabuwar Shekara kasuwannin Kirsimeti ne ke ci, a dandalin Tsohon Gari a Prag, a dandalin Vörösmarty da gaban majami'ar St. Stephen a Budapest. Akwai fitilu da armashi, amma masauki yakan yi tashin gwauron zabi, cunkoson Prag kuma yakan kai inda ba ka iya tafiya yadda kake so, saboda lungunanta matsattsu ne. Daga mako na biyu na Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu farashi yakan sauko, layuka su gajarta. A wannan tsakanin ne Prag ta fi daɗi, domin lokacin ne kaɗai za ka same ta da sarari.

Saboda haka idan dare biyu kawai gare ka, ƙafarka lafiya, abin da kake so shi ne ka cika ido da waya da hotunan tsohuwar Turai ba tare da ka koyi hanyoyin mota ba, tafi Prag, ka kama ɗaki a Tsohon Gari ko Malá Strana, unguwar da ke gindin fada, ka sayi takalmi mai kaurin ƙasa da ba ya santsi. Idan kuwa dare uku ne ko huɗu, ko kana tare da iyali, ko da dattijon da gwiwa ke damu, ko kuwa halal da jam'in salla ba abin da za ka yi sassauci a kansu ba ne, Budapest ce taka, ka sauka a ɓangaren Pest kusa da dandalin Deák Ferenc inda layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa uku suka haɗu. Abin da ba zan ba da shawara ba shi ne a haɗa su biyun a tafiyar kwana huɗu. Jirgin ƙasa tsakaninsu yana cin kusan awa bakwai, wato hasken wuni guda cur a watan Disamba. In dai ana son a leƙa wani birni na biyu, daga Budapest zuwa Viyana, babban birnin Ostiriya, bai kai awa uku ba, ana iya tafiya da safe a dawo a kwana a ɗaki ɗaya.